Yaya Lawali da Haƙoran Kumandan

Duk wanda ya san Yaya Lawali a Yekuwa ya san aljihunsa. Tela ne, ya ga dama ya ɗinka wa kowace riga tasa wani ƙaton aljihu a gaba, tun daga ƙirji har cibiya, kamar taikin jaki. In ka hango shi tafe daga kasuwa, kafin ka ga fuskarsa za ka ga kunnuwa biyu farare sun leƙo suna kaɗawa. Ka ce, "Lawali, ina kwana?" Sai ya ja ya tsaya, ya dube ka sama da ƙasa.

"Ni kaɗai ka gani?"

Dole ka sunkuya, kai da gemunka, ka ce wa aljihu, "Kumandan, an tashi lafiya?" Sannan ne zai amsa maka, har ya tambayi iyali.

Ku yi ta dariya, ku da kuka same shi a labari. Ni Cima, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, ni na zauna da abin. Bayan rasuwar maigidana na dawo gidan Yaya, shi ma matarsa ta riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansa maza sun watsu Damagaram da Kano. Mu biyu muka rage. Ina dafawa, yana ɗinki a zaure, da yamma mu zauna gindin dalbejiya mu yi ta tsegumin dangi har a kira magariba. Wallahi zaman ya yi mini daɗi. Sai wani malamin lakkwal, wato makarantar boko, da aka canza wa gari ya rasa wanda zai bar wa zomonsa, ya kawo wa Yaya. Ban taɓa yafe wa malamin nan ba.

Zomo ne fari tas, mai jan ido, irin na gida. Yaya ya zauna ya ƙare masa kallo, ya ce, "Fari ne, ba ya aikin komai, abinci sai an kai masa har inda yake. Wannan ai kumandan ne irin na zamanin Nasara." Suna ya bi shi.

Tun daga ranar na zama baiwar Kumandan. In na dama fura, a dama tasa daban.

"Cima, kar ki sa citta, tana sa shi atishawa."

In na yi gumba, a fara ɗibar masa ta sama. Dankali a dafa masa ya yi luguf, a murƙushe da ludayi. Na ce, "Yaya, zomo fa ciyawa yake ci." Ya ce, "Wancan zomon daji ne, talaka. Wannan ya yi zaman lakkwal."

Sallar layya ta ƙarato, atamfata na ajiye a zaure tun watan jiya, ko almakashi bai sa mata ba. Ana gobe salla na leƙa, na tarar da shi ya duƙufa kan keke, gumi na zuba. Na ce alhamdulillahi, an tuna da ni. Ashe katifa yake ɗinka wa Kumandan, har da audugar rimi, har da ɗan matashin kai! Da tsohon zanena na je idi. Mata na tambayata, "Cima, ke da yayanki tela?" Na ce musu ai akwai manya a gabana.

To, ana nan sai Kumandan ya fara ƙin cin abinci. Ya matso kusa da ƙwarya, ya shinshina, ya sa baki, sai ya ja baya. Miyau ya riƙa dalala har gashin haɓarsa ya jiƙe ya cakuɗe, ido ɗaya yana hawaye. Kan ka ce me, zomon da ke cika aljihu ya koma ana ƙirga haƙarƙarinsa da yatsa. Yaya ya lulluɓe keken ɗinki, ya ce babu aiki sai Kumandan ya warke. Masu kaya suka yi ta sallama suna komawa.

Kuma ikon Allah, a daidai lokacin ni ma haƙorina na can ciki ya tashi. Zogi har cikin kunne. Na riƙe kumatu na je na same shi zaune, ya sa zomo a cinya yana yi masa fifita.

"Yaya, haƙorina."

Ko ɗago kai bai yi ba. "Sa kanumfari."

"Na sa, bai yi ba."

"Ƙara."

"Haba Yaya! Ni mutum ce fa!"

"Shi ya sa. Ke kina da bakin faɗa. Shi wa zai faɗa wa?"

Har wani kallo ya riƙa yi mini ta wutsiyar ido, wai ko bakina ne ya kama zomon, don ya sha jin ina cewa Kumandan zai yi kyau a miyar kuka. To na faɗa, kuma da gaske nake, amma ban yi masa komai ba.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wata safiya ya yi bismilla ya ɗaga leɓen zomon. Sai ya yi salati. Na matso na leƙa. Jama'a! Haƙoran gaba na sama sun yi tsawo sun lanƙwashe ciki kamar ƙahon rago, suna neman huda dasashi. Na ƙasa kuwa sun fito waje sun miƙe kamar na gadu. Bakin ba ya ko rufuwa. Yaushe zai ci abinci?

Yaya ya aika a kira Ɗanjuma wanzami, wanda ke cire wa mutanen garin haƙori. Ni kuwa daɗi ya kama ni, na ce in ya gama da zomo sai ya taimaka mini. Har na shimfiɗa tabarma na zauna ina jiran layi. Ɗanjuma ya buɗe zabira, ya zaro wani ɗan awartaki duk ya yi baƙi, ya goga a gefen rigarsa.

Yaya ya ce, "Tsaya tukuna. Ka taɓa yi wa zomo aiki?"

Ɗanjuma ya yi dariya. "Zomo kam na yi wa aiki da yawa, Lawali. Fiɗa. In wannan bai tashi ba ma, ka bar mini fatar."

Ban san Yaya na da gudu ba sai ranar. Da sandar awon yadi ya raka shi har bakin rijiya, Ɗanjuma na gaba, zabira a hannu ɗaya, hula a ɗayan. Ni kuma ga ni kan tabarma riƙe da kumatu, mai cire haƙori ya tafi. Tun daga nan Yaya ya rantse askar Ɗanjuma ba za ta ƙara taɓa kansa ba, kuma wanzamin ke nan a unguwarmu. Suma ta taru masa har hula ta daina zama.

Wani makiyayi da ya kawo ɗinki ya ce masa a Magariya akwai likitan dabbobi, mai yi wa shanu allura. Washegari da asuba Yaya ya aro amalanke, ya kafa sanduna huɗu, ya yi rumfa a kai. Da me ya yi rumfar? Da atamfar sallata! Ya ce, "Cima, hau."

Zuciyata ta yi sanyi. Na ce ashe Yaya na jin tausayina, zai kai ni likita.

Ya miƙo mini zomo. "Riƙe shi da kyau, hanya akwai gargada. Ki zauna ta gefe, kar ki tare masa iska."

Kumandan na cikin inuwa, rabin jikina na cikin rana, haka muka yi ta tafiya cikin rairayi. Muna shiga Magariya wani jandarma ya ɗaga mana hannu. Lokacin soja ba su daɗe da hawa mulki ba, kowa a tsorace yake da mai kaki.

"Tsoho, ina zuwa?"

"Kumandan za mu kai a gyara masa haƙori."

Jandarma ya gyara tsayuwa, ya taɓa hularsa, ya waiga hagu da dama. "Wane kumandan? Yana ina?"

"Ga shi nan a cinyar ƙanwata. Yi magana a hankali, bai ci komai ba."

Ni dai na fara kalmar shahada a zuci, na ce yau a gidan kaso za mu kwana saboda zomo. Jandarma ya leƙo ƙarƙashin atamfa, suka haɗa ido da Kumandan. Ya ciji leɓe, ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Da ƙyar ya iya cewa, "Wuce, tsoho. Amma in ka shiga gari ka rage masa girma. Ce masa kofur."

Yaya ya kaɗa jaki, yana gunaguni, "Ji ɗan nema. Shi ya naɗa shi?"

Mun tarar da filin likitan dabbobi cike da shanu da makiyaya. Yaya ya bi layi tsakanin wani bijimi da wata saniya, zomo a ƙirji, mutane na ta nuna shi da baki. Da aka zo kansa, likitan, wani saurayi siriri mai farar riga, bai yi dariya ba, Allah ya yi masa albarka. Ya ɗaga leɓen, ya shafa muƙamuƙin ko akwai kumburi, ya ce an yi sa'a bai yi ƙurji ba tukuna.

"Baba, me yake ci?"

Yaya ya gyara murya da alfahari. "Fura. Gumba. Dankali dafaffe. Ba abin da ya nema ya rasa."

"To abin da ya kusa kashe shi ke nan. Haƙorin zomo ba irin namu ba ne, kamar farce yake, ba ya daina tsiro har ya mutu. Taunar ciyawa mai ƙarfi ce ke goge shi. Kun hana shi tauna, haƙori ya yi ta fitowa ba abin da ke rage shi. Wa ke dama masa furar nan?"

Wallahi tallahi, ko ƙifta ido Yaya bai yi ba. Ya nuna ni. "Ita ce."

Na buɗe baki zan yi magana, zogi ya soke ni, na rufe.

Likita ya sa aka naɗe Kumandan cikin tsumma, kai kaɗai a waje. Ya ɗauko wani ɗan magagari siriri ya shiga goge haƙoran a hankali, yana tsayawa zomo ya huta. Yaya ya juya baya ya toshe kunnuwa, duk ƙarar da magagari ya yi sai ya ce "Wash!" kamar a bakinsa ake yi. Da aka gama, likita ya gargaɗe shi kada ya kuskura ya sa almakashi ko awartaki, don haƙorin zai tsage har saiwa ya ruɓe. Ya ce tunda sun riga sun karkace za su sake fitowa, sai an riƙa gogewa lokaci-lokaci, ya nuna masa yadda ake riƙe magagarin. Abinci kuma daga yau harawa, busasshiyar ciyawa, da ɗan reshen itace ya riƙa gwaguya. Ya tsinko ganyen harawa ya miƙa. Kumandan ya shinshina, ya kama, ƙurus ƙurus ƙurus. Sai ga Yaya yana share hawaye da hannun riga a gaban Fulani.

Na ga dama ta samu, na matsa na wangale baki. "Likita, don Allah ni ma duba mini."

Ya yi murmushi. "Inna, ni na dabbobi ne."

Yaya ya ce, "Duba ta haka nan, ba ta da nisa da su."

Makiyaya suka kwashe da dariya. Likita ya kwatanta mana inda ake duba mutane, can cikin gari. Muna fitowa Yaya ya ɗaga kai ya dubi rana, ya ce Kumandan ya gaji, kuma ƙurar gari ba ta yi masa. Ya juya jaki ya nufi Yekuwa. Har muka iso ina riƙe da kumatu, shi kuwa bai ma lura ba, yana ta yi wa zomo barka.

Shekarar kuma ta zo da fari. Damina ta yi gardama, wake bai yi ba, harawa ta zama abin nema da ido rufe. 'Yar wadda muka samu Yaya ya ɗaure ta dami-dami ya hau da ita kan rufin zaure, ya ɗauke tsani ya ɓoye a ɗakinsa. Ina da akuya ɗaya, ita ke ba mu ɗan nonon da muke sha. Ta tsaya ƙarƙashin rufi tana kallon sama tana kuka.

"Yaya, ba ta ko dami ɗaya."

"Magani ne. Kin taɓa ganin an ba mai lafiya maganin mara lafiya?"

Ya je wajen maƙeri aka yi masa magagari ɗan siriri, ya ɗinka masa kube na fata. In haƙoran suka fara tsawo sai ya ƙwala kira, "Cima, zo ki riƙe!" In naɗe zomo in danne a cinya, Yaya ya sa tabarau, harshe a waje, yana goga yana lallashi: "Sannu, ranka ya daɗe. Saura kaɗan." Ni da aka haife mu ciki ɗaya ban taɓa jin ya ce mini sannu da irin wannan murya ba. Haƙorina kuwa yana nan, ya lafa ya tashi, ya lafa ya tashi. Na gaji da faɗa, na daina. Na ɗaure kayana a ƙunshi, na ƙudura ranar kasuwa zan bi 'yan garin Dogo-Dogo in koma wajen ɗiyata da ke aure can, in bar shi da ɗan'uwansa mai kunnuwa.

Ban kai ranar kasuwar ba. Wata safiya na tashi fuskata ta kumbura suntum, ido ɗaya ya rufe, jiki zafi rau, baki ba ya buɗuwa. Yaya ya jira koko bai ga koko ba, ya jira motsina bai ji ba. Ya ɗaga labule ya leƙo.

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, "Cima? Cima!" Ya fita da gudu ba takalmi. Kafin in gama laluben mayafi ya kawo amalanke ƙofar gida. Shi ya ɗauke ni cak, tsoho da shi, ya kwantar. Ya ciro Kumandan daga aljihu, ya tura shi cikin zaure da damin harawa da ruwa, ya ja ƙyaure. Sai ya koma da sauri ya fito da wani abu ya sa mini ƙarƙashin kai. Katifar Kumandan ce. Tana warin zomo, amma wallahi laushi gare ta.

A Magariya aka yi mini allura, aka ce sai kumburi ya sauka kafin a cire, muka sauka gidan wata 'yar'uwarmu. Ranar cirewa Yaya ya tsaya bayana ya riƙe mini kai da hannu biyu. Ina jin sa yana cewa, "Sannu. Sannu, saura kaɗan." Da haƙorin ya fito, ni ban suma ba, shi ne ya zame ya zauna a ƙasa, sai da aka yayyafa masa ruwa.

A hanyar komowa ina cikin inuwar atamfata, ni kaɗai, sai Yaya ya ce, "Da kin faɗa mini abin ya kai haka."

Duk da audugar da ke bakina sai da na yi magana. "Ban faɗa ba? Har akuya ta san na faɗa!"

"Kin faɗa da yawa ne, shi ya sa ban ji ba. Da kika yi shiru ai na ji."

Muka iso gida ya buɗe zaure. Tabɗi! Wani yaron maƙwabta da Yaya ya bar wa ba da ruwa ta ƙarƙashin ƙyaure yake turawa, bai leƙa ciki ba. Kumandan ya cinye harawa, ya juya kan keken ɗinki. Igiyar fatar nan da ke juya keken ya datse ta gida uku. Ƙafar teburin ya gwaguye ta ta koma kamar tsinken sakace. Ga shaddar wani ango da za a ɗaura wa aure cikin makon, ya yi mata ƙofofi kamar rariya. Na jingina da bango, daɗi ya cika ni fal. Na ce yau dai za a ci miyar kuka.

Yaya ya durƙusa, ya ɗauki guntun igiyar, ya juya ta, ya duba inda aka yanke. Sai ya ɗago yana washe baki.

"Cima, dubi yanka! Kamar da aska! Alhamdulillahi, haƙori ya gyaru!"

Kumandan ya yi shekaru bayan haka, ya tsufa har ya daina tsalle. Da ya kwanta ciwon ajali na ce a yanka shi kafin ya yi mushe. Yaya ya dube ni kawai, na ja bakina. Shi ya haƙa rami bayan rumbu da hannunsa. Ni na kawo ƙyallen da aka naɗe shi, kuma kar ku tambaye ni abin da ya shiga mini ido ranar.

Daga nan duk hidimar ta dawo kaina. Abin da na yi shekaru ina nema na samu, har ya yi mini yawa. Kar in ɗauki tulu, kar in zauna a rana, kar in tauna rake. In na yi tari a ɗaki sai in ji shi daga zaure, "Lafiya?" Muka koma zamanmu na yamma, muka ɗora tsegumin dangi daga inda muka tsaya. Da ciwo ya kwantar da shi, 'ya'yansa suka zo da matansu, kowace da kwanonta, ya ƙi karɓar ko ruwa sai daga hannuna. Ya ce musu, "Ku bar ta. Ita ta san ni."

Sai da zomo ya tafi na samu yayana ni kaɗai, kuma ban daɗe da shi ba.

Allah ya jiƙan Yaya Lawali. Tausayin da ya ji na ɗan abin da ba ya iya kuka, Allah ya sa ya tarar da shi a mizani. Allah ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa, ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. Amin.